Cukun Surukata da Takardar Duba-gari

Teburina yana bakin tashar motocin Shinkafi, a nan Kaura Namoda, gab da mai shayi. Ƙafarsa uku ce da rabi, rabin kuwa da bulo na cika ta. Shekara goma sha ɗaya ina zaune bayansa ina sayar da cuku, kuma in ka tambayi mutanen tasha za su ce maka cukun ake zuwa saye, amma surutuna ke tsayar da mutum. Ban musa ba. Ni in na fara ba da labari direba kan manta da lodi, fasinja su sauko su zo jin ƙarshe. An taɓa yin motar da ta kwana uku a tasha saboda ni. To, kwana ɗaya. To, ta dai yi latti.

Cukun ba ni ke yin sa ba. Surukata ce ke yi, uwar matata, a can Jangeru, da madarar 'yan shanun da mijinta ya bar mata. Da safe a tatso, tun madarar na da ɗumin jikin saniya za ta zuba mata ruwan da ta jiƙa busasshen tumbin ɗan akuya a ciki, ɗan akuyan da bai fara cin ciyawa ba. Madara ta daskare, ta matse ta a kan 'yar tabarmar kara, ta shanya. In ya bushe sai ya fito falle-falle kamar tafin hannu, da zanen tabarmar a bayansa. A daka shi cikin fura, ko a ɓalla a jefa a shayi. A iya sanina wuta ba ta taɓa ganin madarar nan ba, ban kuma taɓa zaton akwai abin tunani a ciki ba. Kowace Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, wani direba kan sauke mini ƙunshi guda cikin buhu. Da ƙunshin nan nake ci da gidana, da shi ita ma take ci da nata.

Wata Asabar cikin kaka, ana tsakiyar yankan gero, sai ga duba-gari. Duba-garin wajenmu kuwa taubashina ne, ɗan kawuna, wanda tun muna yara nake kiransa bawana, shi ma yana kirana bawansa. Na hango shi da farar riga da jaka a hammata, na ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji.

"Jama'a ku ɓoye ƙudajenku, ga mai ƙirga su nan ya taho!"

Bai yi dariya ba. Ya tsaya ya dubi cukun da ke shimfiɗe a faranti, ya kori ƙuda ɗaya da bayan hannu, ya buɗe jakarsa.

"Bawana, yau aiki ya kawo ni. Wanga cuku da ɗanyar madara ake yin shi?"

"Da madarar da ta fi ka tarbiyya ake yin shi."

"Ɗanya dai?"

"Ɗanya shar."

Ya zaro takarda mai hatimi ya karanta mini, sannan ya sake yi mini bayani kamar wanda ke magana da kurma. Daga yanzu ba a yarda a sayar da cukun ɗanyar madara a kasuwa ba. Sai an ɗora madarar a wuta ta yi zafin da zai kashe ƙwayar cuta. Sai an naɗe kowane ƙunshi a leda mai tsabta. Sai an liƙa 'yar takarda mai faɗin inda aka yi shi da ranar da aka yi. Ya ce akwai cututtukan da saniya ke ɗauke da su tana kiwonta lafiya lau, ba wanda zai gane: zazzaɓin nan mai tafiya ya dawo, ya bar mutum da ciwon gaɓoɓi wata da watanni, da tarin fuka, da wata cutar da ta fi tsananta wa mai ciki, har ta kai ta ga ɓari.

Na ce, "Kakanmu da kakanku ɗaya ne. Wanga cuku ya ci har ya kai shekara ɗari da hamsin."

"Saba'in da 'yan kai. Kuma da tari ya rasu."

Ya ba ni wa'adin kasuwar Shinkafi uku. In ta uku ta ci ban kawo cukun dafaffiyar madara ba, za a ɗauke teburin zuwa ofis, da bulon da komai. Na ce to, in na zo na ce masa an dafa fa, shi ke nan?

"Kai? Kai da ka ce ka ga kankana a Galadi wadda sai da anka kafa mata tsani kafin a yanka ta? Ko rantsuwa ka yi sai na gani da idona."

Mai shayi ya fashe da dariya har ya zubar da madarar gwangwani a hannunsa. Ni kuwa na shiga lissafi. Leda ba wuya, takarda ba wuya. Wuyar ita ce wani ya je ya gaya wa surukata cewa cukun da take yi tun kafin a haife ni yana iya sa wa mutane ciwo, ta sake hannu.

Sai na yi bayanin yadda muke da ita, in ba haka ba za a ce wannan wace irin wuya ce. Shekara ashirin da biyu ina auren 'yarta. Duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninmu ba za ta cika kwalin ashana ba. In na je Jangeru tun daga ƙofar gida nake cire takalmi, in durƙusa nesa, in dubi ƙasa, in ce, "Inna, mun same ku lafiya?" Ita kuma ta juya baya ta ce, "Lafiya lau." Shi ke nan, an gama ziyara. Ban taɓa shan ko ruwa a gabanta ba. Wata rana na hango ta tafe a kan hanyar rijiya, na faɗa gonar mutane na tsaya cikin dawa har ta wuce, mai gonar ya ɗauka ɓarawo ne. Ni da bakina ke tsayar da mota, a gabanta ko tari sai na haɗiye shi.

Na rufe teburi tun kafin la'asar na nufi gida. Na tarar da matata tana tankaɗe. Na zayyana mata komai, ina kai da kawowa a tsakar gida, kaji na ba ni hanya.

"Ke za ki gaya mata," na ce.

Ta ajiye rariya. "Ni? Malam, ka manta ni ce ta fari? Inna ko sunana ba ta kira. Ni da ita in mun haɗu ɗaki ɗaya bango muke kallo. In buɗe baki in ce mata madararta na da cuta? Ka tahi da kanka, ba kai ne mai baki ba?"

"Bakina ba ya aiki a Jangeru."

Daga ƙarshe muka tuna da ƙanwarta, autarsu, wadda ke aure a Dauran ta ƙasar Zurmi. Auta ba ta da kunyar uwa, tana iya zama kan tabarma ɗaya da Inna har su ci a kwano guda. Kuma an yi sa'a za ta je gida suna a makon. Na tsara wa matata saƙo tsaf, kalma bayan kalma: hukuma ta ce ɗanyen cuku na sa ciwo, in ba a dafa madarar ba za a ɗauke teburi. Ta ce ta ji. Ta ɗauki waya ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Kwana biyar ɗin nan ban zauna ba. In na zauna bayan teburi sai in miƙe, in na miƙe sai in zagaya tasha, in dawo in tarar na manta abin da ya tashe ni. Na sayi leda. Na je wurin mai buga takardu kusa da makarantar kimiyya ya yanko mini ƙananan takardu masu rubutun Jangeru da gurbin rana. Na ɗauke su ina lissafa su kamar masu guduwa. Kowace motar Shinkafi ta shigo sai na leƙa, alhali na san ba Alhamis ba ce.

Alhamis ta zo. Direba ya sauke mini buhu, ya koma ya sauko da na biyu. Sannan ya miƙo wani ƙaramin ƙunshi a sabon ƙyalle, an ɗaure shi da kyau.

"Tsohuwa ta ce wanga na ma'aikatan gwamnati ne, a ba su, ta gode."

Na ɓalli falle ɗaya na shinshina. Ɗanye ne, irin na kullum, har ya fi na kullum kyau.

Sai da na kira auta a waya na gane abin da ya faru. Matata ba ta iya furta kalmar ciwo a kan abin uwarta ba, ko da a kunnen ƙanwarta ne. Abin da ta ce shi ne, ma'aikata sun zo sun duba cukun Inna, suna so in da hali a ɗan riƙa ɗumama madarar. Auta kuwa ta isa gida ta tarar da Inna cikin mata 'yan suna, ta ga ba wurin maganar ɗumame ba ne. Ta ce mata ma'aikatan gwamnati sun zo musamman ganin cukunta, sun daɗe suna magana a kansa, har takarda sun rubuta.

Na ce, "Ke auta, kin kashe ni!"

"Yo mijinmu, ƙarya na yi? Ba su zo ba? Ba su rubuta takarda ba? Kai da ka saba ƙara wa magana gishiri, yau don an rage mata yaji kake kuka?"

Kasuwa ɗaya ta tafi. Ga buhu biyu na ɗanyen cuku a ɗakina, ga tukuicin da in na kai wa taubashina zai ce cin hanci na kawo masa, da abin da ya hana kuma.

A mako na biyu wata dabara ta zo mini, irin dabarar wanda ke gudun magana. Na ce in ni da kaina na koyi yin cukun dafaffiyar madara, ba sai in kai wa taubashina ya gani ba, maganar Inna kuma a bar ta zuwa gaba? Na yi sammako bayan gari na sayo madara wurin matan Fulani. Na bi mahauta har na samo tumbin ɗan akuya. Na hura wuta a tsakar gida, wutar da maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambaya ko gobara ce. Na tafasa madarar nan ta yi kumfa, ta hau, ta zubo, ta kashe rabin wutar, na sake hurawa na sake tafasa ta, don in akwai ƙwayar cutar da ta ɓuya a gindin tukunya ita ma ta ji a jikinta. Tana tururi na antaya mata ruwan tumbi. Na zauna jira.

Har azahar madara tana nan madara. Har la'asar tana kallona ina kallonta. Matata ta wuce ta leƙa tukunyar ta ce, "Malam, in kawo sukari? Ko banza yara su sha."

Washegari na sake, wannan karon na bari ta huce. Abin da na samu ya fi kama da kunun da aka yi fushi da shi. Na zuba a tabarma ya bi ta ƙasa ya tafi abinsa.

Na saka hula na nufi ofishin taubashina da sauri, har babur ya kusa kwashe ni a kwanar kasuwa. Na ce masa dokarsu ba ta yiwuwa, wanda ya rubuta ta bai taɓa ganin saniya ba sai a jikin gwangwani, dafaffiyar madara ba ta zama cuku, na gwada sau arba'in.

"Sau nawa?"

"Sau biyu."

Ya buɗe aljihun teburinsa ya ɗauko wani ɗan ƙarfe siriri mai kai kamar agogo, ya ce ma'aunin zafi ne. "Wa ya ce ka tafasa ta har ta yi kuka? Zafi anka ce ta yi, ta tsaya a nan," ya nuna mini wani layi, "rabin awa, ba ta tafasa ba. Sannan a sauke ta huce. Amma bawana, ko ka iya, mutane cukunka suke zuwa saye ko na tsohuwa? Tahi ka yi mata magana."

"Kai ka je mana, ba aikinka ba ne?"

"Zan je in gani. Amma ba zan shiga gidan tsohuwar mutane da takarda in karya mata zuciya ba, alhali surukinta na nan da baki kamar lasifikar masallaci."

A makon nan ne kuma na ɗan taɓa abin da nake jin kunyarsa. Na ɗebi cuku daga buhunan nan na ɓoye a ƙarƙashin teburi cikin kwali, na ce wanda na sani in ya zo sai in miƙa masa a ɓoye, ai wa'adi bai cika ba. Na sayar wa mutum biyu ko uku. Sai ga wata mata da ta saba saye a wurina, matar wani mai faci, ta taho a hankali tana riƙe da ƙugu, ciki ya tsufa. Ta ce, "Baba mai cuku, kwana uku ba abin da raina ke so sai hura da cukunka." Hannuna ya riga ya shiga kwalin. Na tsaya a haka, a sunkuye, har ta ce ko bayana ne ya riƙe. Na ɗago hannu wayam na ce ya ƙare. Ta tafi tana waiwayen farantin. Na mai da kwalin gida ranar, ban sake fito da shi ba. Na aika wa direba kada ya ɗauko mini kaya Alhamis mai zuwa, na ce ya ce wa Inna na bara bai ƙare ba, na baya nake nufi, har bakina ya fara harɗewa.

Kasuwa ta biyu ta ci. Teburina ya zauna ba komai a kai sai leda da 'yan takardu. Mai shayi ya ce tunda na daina surutu cinikinsa ya ragu, in taimaka in yi ko ƙarya ɗaya ce.

Ranar Talata ta mako na uku muka kama hanya, ni da matata da taubashina. Hanyar Shinkafi yanzu ba a shigarta da ka. Sai an kira na gaba an ji ko lafiya, sai motoci sun taru an tafi tare, rana na sama. A mota kowa idonsa na kan daji. Ni kuwa ban san wanne ya fi tsorata ni ba, dajin ko inda za ni. Muka sauka gidan wani abokina a Shinkafi, da gari ya waye muka hau babura zuwa Jangeru don mu riski tatsa.

Mun riske ta. Inna na zaune kan kujerar tsuguno a gindin rumbu, ƙwaryar madara a gabanta, kumfa bai kwanta ba. Gefe guda an ɗaure wani jan maraƙi a turke yana ta jan igiya. Matata ta gaishe ta da kai a ƙasa ta shige bayan ɗaki. Taubashina ya gaishe ta ya koma ƙofar gida ya tsaya, ya yi mini alama da haɓa. Na cire takalmi, na durƙusa. Inna ta juya mini baya kamar kullum.

"Inna, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya shanu?"

"Lafiya lau."

"Ya kaka?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya... shanu?"

Sau huɗu na tambayi shanun nan. Wannan ba ƙari a ciki, taubashina shaida ne. Gumi ya jiƙa mini riga tun rana ba ta yi zafi ba. Na ga madarar na hucewa, na san in ta miƙa hannu ta zuba ruwan tumbi shi ke nan, tafiyarmu ta tashi a banza. Na duba dama, na duba hagu, idona ya faɗa kan maraƙin. Shi ma ni yake kallo. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Kai maraƙi," na ce, "ka ji abin da ya kawo mu."

Na gaya wa maraƙin nan komai. Na ce masa takardar da aka rubuta ba ta yabo ba ce. Na ce masa hukuma ta ce ɗanyar madara, ko ta wace saniya ce, ko ta wane gida ce, tana iya ɗaukar cutar da ido ba ya gani, kuma mai ciki ta fi kowa shiga haɗari. Na ce masa gobe in kasuwa ta ci ba a samu cukun da madararsa ta ga wuta ba za a ɗauke teburin Kaura. Ban ƙara ko ƙwayar gero a kan gaskiya ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara magana a duniya. Maraƙi ya kaɗa kunne.

Inna ba ta motsa ba. Daga inda nake ina ganin bayan wuyanta da hannunta ɗaya a kan bakin ƙwarya.

"Maraƙi," ta ce a hankali, "ashe ba yabo ba ne. Ni kuwa na gaya wa matan gari duka gwamnati ta rubuta takarda a kan cukuna."

Da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Sannan ta ce, "Maraƙi, ka ce wa mai magana, wanga abu da yake ta kewaye-kewaye, ai cukun masu ciki ne suke so. Mi ya hana a ce haka tun farko?"

Na ɗago kai, karo na farko cikin shekara ashirin da biyu, na yi maza na mayar.

Ta ci gaba da yi wa maraƙin bayani. Ta ce uwarta ta koya mata: in za a yi wa mai ciki cuku, ko mai jego, ba a yi da ɗanya. Ana ɗora madarar a wuta marar ƙarfi har sai yatsa ya kasa zama a ciki, ba a bari ta tafasa, in ta tafasa ta mutu, ba ta kamawa. A sauke, a bari ta dawo ɗumin da ta fito da shi daga jikin saniya, sannan a zuba ruwan tumbi. Ta ce duk cikin da wata ta yi a Kaura, irinsa take aika mata a ƙunshi daban, mai ɗaurin jan zare.

Wata da ke Kaura, wato matata, tana bayan ɗaki tana ji. Haihuwa shida ta yi, tana cin na jan zare, ba ta taɓa sanin dalilin zaren ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba. Na ji ta tana jan hanci a can.

Na ce, "Maraƙi, to mi zai hana a yi duka haka?"

"Ka ce mishi itace. Na mai ciki ɗaya kara ya isa. Na kasuwa kullum sai itace. Itace na daji, daji kuwa yanzu ba mai shiga ya tabbata zai fito. Ba ni aika ɗan kowa."

Nan bakina ya dawo mini gaba ɗaya. Na ce wa maraƙi ya shaida, daga yau gawayi a wuyana yake, zan kawo gawayin da sai an rushe katanga kafin ya shiga, tirela guda, tirela biyu, har mutanen Jangeru su ɗauka dutse ne ya tsiro.

"Maraƙi, ka ce mishi buhu ɗaya ya isa."

Sai ta ce a kira baƙon da ke ƙofa ya zo ya ga abin da ya zo gani. Aka hura wuta da kara, ta ɗora tukunya. Taubashina ya zaro ma'auninsa zai tsoma, ta tare shi da ludayi.

"Ɗana, wanga ƙarfe a ina ya kwana?"

"A jakata, Inna."

"Wanke shi. Da ruwan zafi."

Duba-gari guda, mai takarda da hatimi, ya tsuguna yana wanke kayan aikinsa a gaban tsohuwa. Wannan kallon kaɗai ya biya ni wahalar hanya.

Tana juya madara, tana tsoma ɗan yatsa tana cirewa. Da ta ce ya yi, ya tsoma ma'auni, allurar ta haura layin nan kaɗan. Ya dube ni, na ɗaga masa gira. Amma da ta kai hannu za ta sauke, ya ce a'a, sai ta zauna a wannan zafin rabin awa. Nan suka ɗan ja. Ta ce uwarta ba ta taɓa jiran rabin awa ba, ba ta ma san shi ba. Ya ce, da ladabi, nan ne doka ta tsaya, shi kuma ba zai sa hannu a ƙasa da haka ba. Ta ce ita ba ta da agogo. Daga bayan ɗaki sai muka ji muryar matata, tana magana da bango, ta ce rabin awa kamar surfen tiya ɗaya ne da wankinsa. Inna ta ce to, wannan ta san shi. Ta rage wuta, ta zauna.

Madarar ta kama. Ba ta yi taurin ɗanya ba, sai da ta ƙara ruwan tumbi kaɗan ta kuma ƙara jira, amma ta kama. Na tsaya ina kallon yadda take matse ta a tabarma kamar ban taɓa ganin cuku ba. Bai bushe ranar ba, don haka taubashina ya rubuta a takardarsa cewa ya gani da idonsa, kaya na tafe.

Da za mu tafi na ajiye ledoji da 'yan takardun a gindin rumbu, na yi wa maraƙi bayanin yadda jikarta da ke makaranta za ta riƙa rubuta rana. Inna ta ɗauki ɗaya ta juya ta, ta tambayi taubashina abin da aka rubuta. Ya ce Jangeru. Ta ce ya buga mata hatiminsa a kan guda. Ya buga. Ta ƙulle ta a bakin zane. Na ji daga baya duk matan unguwar sun ga takardar gwamnati.

Teburina yana nan, da bulonsa. Kowace Laraba ina ɗora buhun gawayi a motar Shinkafi, kowace Alhamis cuku ya sauka cikin leda. Ya ragu, don tukunyarta ba ta ɗaukar madarar duka a lokaci ɗaya. Ɗanɗanonsa ma ya ɗan sauya, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya fi kowa daɗewa yana saye ya ce ba ya jin ƙanshin saniya a ciki, ya daina zuwa, har yau in ya wuce kansa yake kawarwa. Buhu biyun nan na ɗanye kuwa a gida muka cinye su, a tafasasshen kunu, wata uku, har yarana suka fara gudu in sun ji ana daka. Matar mai faci ta haifi namiji, ta dawo, na ba ta falle biyu kyauta ban gaya mata dalili ba.

Ban da gaisuwa, ni da Inna har yanzu ba mu taɓa magana ba. Amma duk zuwan da na yi sai mun daɗe muna yi wa jan maraƙin nan hira, ita ta gaya masa tsadar dusa, ni in ba shi labarin tasha, wani lokaci har in ga kafaɗarta na rawa. Ya girma yanzu, ya zama bijimi, ya yi tozo. Makon jiya auta ta kira ta ce ana shawarar kai shi kasuwar Shinkafi kafin Sallah, don ci ya yi masa yawa. Tun ranar na kasa zama. Na aika a gaya wa Inna a dakata, dusarsa ma a wuyana. Ta bakin matata na aika, ita kuma ta kira auta, don haka Allah kaɗai ya san abin da zai isa Jangeru.